Sadakin 'Yar Tanti: Auren Khanabadosh da Hukumar da Ba Ta San da Zamansu Ba

A gefen manyan biranen Pakistan, daga bakin kogin Ravi a Lahore zuwa bayan garin Multan da filayen da ke kusa da layin dogo a Sindh, akwai tantuna na tsumma da leda waɗanda ake kafawa yau a tayar da su bayan 'yan makonni. Mutanen da ke cikinsu su ne ake kira Khanabadosh da harshen Urdu, a lardin Punjab kuma a ce musu Pakhiwas, kuma sunan ya haɗa jama'a iri-iri waɗanda ba sa ma auratayya da juna. Akwai Qalandar masu wasa da biri da beyar, da Kanjar masu gina 'yan dawakan yumɓu na wasan yara da kafa lilo a wuraren bukukuwa, da Jogi masu wasa da maciji, da Od masu aikin haƙar ƙasa. Da wannan sunan dai ake kiran makiyaya masu bin ciyawa da garkunansu, irin su Kuchi na Afganistan da Bakarwal na tsaunukan Kashmir.

Duk lokacin da maganar aurensu ta taso a kafafen labarai, fuska biyu ake yi mata. Wasu su ɗauki hoton amarya da jan mayafi da awarwaro har gwiwar hannu su yi ta yabon al'adar da zamani bai taɓa ba, wasu kuma su ce mutanen nan cinikin 'ya'yansu mata suke yi, a kama su a ɗaure kawai. Ni a ganina dukansu sun bar yarinyar da ake magana a kanta a inda suka same ta. Akwai zalunci na gaske a cikin wasu daga al'adun auren nan, wanda bai kamata a shafa masa mai ba. Amma hukumar da ta kasa ba wa mutum katin shaida, ta kasa rubuta aurensa, ta kasa karantar da 'yarsa, ba ta da yadda za ta cire wannan zalunci da sandar ɗan sanda kaɗai, kuma idan ta gwada, yarinyar ce za ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta.

Kafin a yanke wa al'ada hukunci ya kamata a san aikin da take yi wa masu ita. Mutumin da ke zaune a gari yana da gona ko shago, yana da maƙwabta da limamin unguwa da kotun da zai kai ƙara, kuma idan ya faɗi akwai inda zai dafa ya tashi. Mai tanti ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, dukiyarsa ita ce mutanen da za su yarda su yi tafiya tare da shi. Joseph Berland, masanin halayyar al'umma wanda ya zauna cikin Qalandar da Kanjar tun shekarun 1970, ya bayyana yadda kowane tanti yake cin gashin kansa, sannan tantuna kaɗan su haɗu su zama zango, su yi tafiya tare na wani lokaci, saɓani ko ƙarancin kasuwa ya raba su, kowa ya nemi sababbin abokan tafiya. A irin wannan rayuwa aure ne yake tsara wanda zai kafa tanti kusa da wa, da wanda zai kawo kuɗin beli idan an kama mutum, da wanda zai riƙe marayu. Shi ya sa auren zumunci ya yi ƙarfi a cikinsu. Ba su kaɗai ke yin sa ba, domin binciken lafiya da yawan jama'a na Pakistan na 2017 zuwa 2018 ya nuna kusan rabin auren ƙasar tsakanin 'yan uwa na kusa ne, ɗan wa da 'yar ƙani ko taubasai. Bambancin shi ne mazaunin gari yana da zaɓi, shi kuwa ɗan tanti ko ya so ya nemi aure a waje babu mai ba shi, saboda kallon ƙasƙanci da ake yi wa asalinsa.

Batun dukiyar aure shi ne inda abin ya fi ɗaurewa. A cikin Kanjar mace ce ke ɗauke da gida. Ita ce ke fita da safe da kwando a ka cike da 'yan dawakan yumɓu masu fenti, ta bi lungu-lungu tana kira, wannan gida a ba ta tsabar kuɗi, wancan a auna mata garin alkama, wani a miƙo mata tsohuwar riga, ta dawo da yamma da abin da za a ɗora a wuta, alhali mijin yana zango yana kula da yara da dabbobi. Saboda haka ranar da aka aurar da 'ya, tantin ubanta ya rasa hannun da ke ciyar da shi, kuma kuɗin da suke kira bovar diyyar wannan rashi ne. Kuɗi ne mai nauyi wanda iyali ke shekaru suna tarawa ko su ci bashi a kansa. A wajen Kuchi da sauran Pashtun, wata babbar ƙabila ta Afganistan da Pakistan, ana kiran irinsa walwar, ana biya da tumaki ko raƙuma ko tsabar kuɗi, har samari kan tafi leburanci Iran ko ƙasashen Larabawa su daɗe kafin su haɗa shi, yayin da dattijon da ke da garke ba ya jira.

Na fahimci hikimar da ke cikin wannan tsari, kuma ina ganin al'ummar da take ɗaukar 'ya mace a matsayin arziki ta fi wadda ke kallon haihuwarta a matsayin bashi, kamar yadda ake gani a gidajen Indiya da Pakistan da yawa inda uban amarya ne ke zuba kaya da kuɗi ga dangin ango. Sai dai akwai tambayar da ba ta da mafaka: hannun wa kuɗin yake shiga? Yana shiga hannun uba ko yayye, kuma a al'adar Kanjar idan auren ya mutu sai an yi lissafin mayar da shi. Uban da ya riga ya kashe kuɗin wajen auro wa ɗansa mata, ko wajen biyan bashi, ba zai so ya ga 'yarsa ta dawo ba komai dukan da take sha, kuma idan ta yi yaji shi ne zai fara lallashinta ta koma. Ta haka kuɗin da aka ce alamar darajarta ne yake zama abin da ke tsare ta a ɗakin da ba ta so.

Mafi yawan waɗannan jama'a a Pakistan da Afganistan Musulmi ne, kuma a nan nake ganin hujja mafi ƙarfi take. Aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ba wa mata sadakinsu kyauta ta daɗin rai, kuma babu mazhabar da ta ce sadaki na uba ne. Mu a ƙasar Hausa mun san bambancin sadaki da kuɗin gaisuwar iyaye, mun kuma san yadda na biyun kan kumbura har ya danne na farkon idan ba a sa ido ba. Malamin da zai zauna da dattawan zango ya ce musu haƙƙin 'yarku ne kuke ci, zai fi samun kunnensu a kan jami'in da zai zo daga birni da takardar da ba su iya karantawa. Ko a Afganistan, umarnin da shugaban Taliban ya fitar a Disamban 2021 ya ce mace ba dukiya ba ce kuma ba a aurar da ita sai da yardarta, ko da yake umarnin bai ambaci shekarun aure ba, kuma hukumar da ta fitar da shi ita ce ta rufe wa 'yan mata makarantun sakandare, wato ta toshe hanyar da yarinya za ta san cewa tana da wannan haƙƙi.

Wanda ba shi da halin biyan bovar ko walwar yana da wata mafita, wato auren musaya, wanda ake kira watta satta a Punjab da Sindh, badal a wajen Pashtun. Na ba ɗanka 'yata, ka ba ɗana taka, ba sai kuɗi mai yawa ya gilma ba. Masana tattalin arziki biyu na Bankin Duniya, Hanan Jacoby da Ghazala Mansuri, sun wallafa bincike a 2010 wanda ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na auren karkarar Pakistan irin wannan ne, kuma abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne matan da ke cikinsa sun fi ƙarancin fuskantar duka da rabuwa. Ban musanta sakamakon ba, dalilinsa ma a fili yake: mijin da ya san ƙanwarsa tana ɗakin surukinsa zai yi tunani kafin ya ɗaga hannu. Amma zaman lafiyar nan an same shi ne ta hanyar mayar da mata biyu jingina. Ranar da ɗaya auren ya lalace, matar da ba ta yi laifin komai ba, wadda take zaune lafiya da mijinta da 'ya'yanta, ita ma za a kore ta don a rama. Kuma da yake ba kullum gida biyu ke da 'ya'yan da shekarunsu suka yi daidai ba, yarinya ƙarama kan tsinci kanta an yi alkawarinta don yayanta ya samu mata, wani lokaci ma tun tana goye.

Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana auren shigar, wato mutum ya aurar da 'yarsa a kan ɗayan ya aurar masa da tasa ba tare da sadaki a tsakani ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi auren ɓatacce ne. A mazhabar Hanafiyya, wadda ita ce mafi yawan mutanen Pakistan da Afganistan ke bi, auren yana tsayawa amma sharaɗin ya faɗi, kuma dole a biya kowace mace sadakin irinta. Ko ta wace fuska aka duba, mace ba ta zama sadakin wata mace. Saboda haka abin da nake goyon baya shi ne a raba auren biyu, kowanne da waliyyinsa da sadakinsa da takardarsa, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta zama hujjar kashe ɗayan ba. Hana musaya da doka dare ɗaya kuwa an taɓa gwada shi a nan kusa da mu, lokacin da Turawan mulki suka soke auren musaya a ƙasar Tibi a 1927, sai auren ya koma na kuɗi gaba ɗaya kuma dukiyar aure ta yi ta hawa. Idan aka hana talakan zango musaya alhali bovar yana nan da nauyinsa, bashi kawai aka tura shi ya ci, kuma da 'ya mace za a biya bashin.

Akwai al'adar da ba ni da wani uzuri da zan nema mata, ita ce ba da yarinya don a kashe rigimar jini, wadda ake kira swara ko vani a Pakistan, baad a Afganistan, kuma ana samun ta a cikin mazauna ƙauyuka kamar yadda ake samu a cikin masu ƙaura. Yarinyar tana shiga gidan da ke ganin ta a matsayin 'yar wanda ya kashe musu ɗa. Sashe na 310-A na kundin laifuffukan Pakistan ya mai da wannan laifi, dokar 2011 ta ƙara ƙarfafa shi, kuma a nan hukunci mai tsanani shi ne daidai.

Auren wuri kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Dokar hana auren yara ta 1929, wadda Muhammad Ali Jinnah, jagoran kafa Pakistan, ya goyi baya a majalisar Indiya ta lokacin Turawa, ta sa shekara 14 ga mace, dokar iyali ta 1961 ta ɗaga zuwa 16, lardin Sindh ya kai shi 18 da dokarsa ta 2013, birnin Islamabad ya bi sahu a 2025 duk da adawar majalisar ba da shawara kan al'amuran Musulunci ta ƙasar. Ina tare da sa iyaka, domin yarinyar da ta ɗauki ciki kafin ƙugunta ya ƙosa, ta zo haihuwa a tanti nesa da asibiti, ita ce ke mutuwa ko ta tashi da yoyon fitsari. Amma dalilin da iyayen ke bayarwa ma gaskiya ne. Tanti ba shi da ƙofa, zangon yana kan filin wani, kuma budurwar da ke yawon talla ko bara a titi ba ta da mai kare ta daga yaran mai fili ko daga ɓata-garin da suka san ba za a saurari ƙararta ba. Uwar da ta aurar da 'yarta da wuri sau da yawa tsoro ne ya sa ta. Talauci kuma yana ƙara tsananta, domin kayan wasan roba sun kashe kasuwar yumɓu, dokokin kare namun daji sun raba Qalandar da yawa da beyar ɗinsu, su kuma makiyayan Afganistan an toshe musu hanyar kiwon hunturu a kwarin kogin Indus na Pakistan tun rufe iyakar ƙasashen biyu na 1961, sannan aka fara ja wa iyakar waya a 2017.

Yanzu a duba yadda dokar ke aiki a kan mutumin da ba shi da takarda. Dokar Islamabad ta 2025 ta wajabta wa mai rajistar aure ya duba katin shaidar ango da amarya kafin ya rubuta. Wannan daidai ne ga wanda ke da kati. Amma hukumar NADRA, wadda aka kafa a 2000 don bayar da katin, tana neman adireshi da shaidar iyaye ko wani ɗan uwa na jini da ke cikin rajista, kuma iyalin da kakansu bai taɓa shiga rajista ba, ba su da ƙofar shiga. Abin da hakan ke haifarwa shi ne ko mace mai shekara 25 a zango ba za ta iya yi wa aurenta rajista ba, balle a iya tabbatar da cewa ƙanwarta ba ta kai 18 ba. Za a ci gaba da ɗaura auren da baki a gaban dattawa kamar yadda aka saba, nesa da idon dokar da aka ce don yarinyar aka yi ta.

Wanda ya taɓa riƙe nikahnama, wato takardar ɗaurin aure ta Pakistan, zai san girman abin da aka hana matan nan. Dokar 1961 ce ta wajabta ta. Layi na 13 zuwa na 16 suna tambayar nawa ne sadaki, nawa aka biya a take, nawa ya rage ajalan, ko an ba da wata kadara a madadinsa. Layi na 17 na sharuɗɗan da amarya ta gindaya ne. Layi na 18 yana tambaya ko miji ya wakilta wa matarsa ikon sakin kanta, layin da masu ɗaurin aure da yawa suka saba ja wa biro su soke ba tare da sun tambayi amarya ba. Da wannan takarda mace ke zuwa kotun iyali ta nemi ciyarwa ko sadakinta ko hul'i, da ita ake yi wa 'ya'yanta rajistar haihuwa, kuma da katin shaida kaɗai take shiga shirin tallafin Benazir, wanda tun 2008 yake biyan kuɗi kai-tsaye a hannun matan gidajen talakawa. Macen zango, wadda ta fi kowa cancantar wannan tallafi, ita ce aka bari a waje. Idan mijinta ya tafi ya bar ta, ba ta da abin da za ta nuna cewa an taɓa auren ta.

Za a ce ai su ne ke gudun hukuma. Suna gudu, kuma suna da dalili. Dokar da Turawan Ingila suka kafa a 1871 ta ayyana ƙabilu sukutum, ciki har da Sansi da Kanjar, a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, aka tilasta musu yin rajista a wajen 'yan sanda da amsa kiran suna, aka tsare wasu a matsugunan dole. Indiya ba ta soke wannan doka a faɗin ƙasar ba sai 1952. Jama'ar da rajista ta farko da suka sani ita ce ta ɓarayi, ba za su ruga da gudu su ba da sunayensu ba don an kafa tebur. Nauyin gyara wannan tarihi a kan hukuma yake.

Inda aka ga canji na gaske, daga cikin gida ya faro, doka ta tsaya masa a baya. A cikin Kanjarbhat na jihar Maharashtra a Indiya, waɗanda asalinsu masu yawo ne, akwai al'adar shimfiɗa wa amarya farin ƙyalle a daren farko, washegari majalisar dattawa ta tambayi ango a bainar jama'a ko kayan da ya samu na kirki ne. Samari da 'yan matan ƙabilar da suka yi karatu su ne suka tashi a yankin Pune a ƙarshen 2017 suka ce ba za su yarda ba. An doki wasunsu, an ƙaurace wa iyalansu, amma dokar jihar ta 2016 da ta haramta ƙaurace wa mutum da sunan ƙabila ta ba su abin riƙewa a gaban 'yan sanda. A Iran ma Muhammad Bahmanbeigi, wanda shi kansa ɗan ƙabilar makiyaya ta Qashqai ne, ya fara makarantun tanti a farkon shekarun 1950, farin tanti da allo suna bin ƙaura a bayan dabba, malaman kuma 'ya'yan makiyayan ne da aka horar a Shiraz, har da mata. Yarinyar da ta zama malama mai albashi, ubanta ba ya gaggawar rabuwa da ita. Nijeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989 a kan wannan tunani, kuma duk da raunin da aikin yake fama da shi, tushensa daidai ne: makaranta ce ke bin yaro.

Haka ya kamata rajista ta bi su. NADRA tana da motocin rajista masu shiga ƙauyuka, kuma ta taɓa sassauta ƙa'idarta ta samar da hanyar rubuta yaran da ba a san iyayensu ba bayan da Abdul Sattar Edhi, shahararren mai aikin agaji na Pakistan, ya matsa a kan batun, don haka karɓar shaidar dattawan zango da adireshin wucin gadi ba abu ne da ya fi ƙarfinta ba. Ba sai an sha wahalar neman mutanen ba ma, domin sana'arsu tana kai su inda taro yake, kamar bikin tunawa da waliyyi Lal Shahbaz Qalandar a garin Sehwan cikin watan Sha'aban da bikin fitilu na Lahore a watan Maris. A kafa teburin kati da na rajistar aure a can kyauta, a sa mata cikin ma'aikatan, a kuma rubuta tsofaffin aurarrakin da aka ɗaura da baki ba tare da an tuhumi kowa a kan abin da ya wuce ba, in ba haka ba babu wanda zai matso. Na san wasu iyaye maza za su ƙi, saboda duk kuɗin da aka rubuta a layin sadaki da sunan 'ya ya fita daga aljihunsu, kuma a nan ne ake buƙatar malamai su yi magana da babbar murya. Lardin Punjab ya riga ya gyara dokarsa a 2015 ya sa tara da ɗaurin wata ɗaya ga mai rajistar da bai cike layukan takardar aure daidai da amsar ango da amarya ba. Abin da zan ƙara a kan wannan shi ne a wajabta masa ya karanta wa amarya layi na 13 zuwa na 18 da harshenta, da ƙarfi, a gaban shaidu, tun da mafi yawan 'yan matan zango ba za su iya karanta abin da suke dangwala wa yatsa ba.